Kujerar Femio

Juma'a, 22 ga Nuwamba, ƙarfe shida na safe

Na dafa kofi na mutum biyu. Sai da na gama zubawa na tuna.

Likita ta ce in riƙa yi wa mijina Femio magana, wai yana ji. Jiya na zauna a gefen gadonsa a asibiti na ba shi labarin ruwan da aka yi, da kiran da Yokasta ta yi daga New York tana tambayar babanta tana kuka, da akuyar maƙwabta da ta shigo ta cinye mini furanni. Kafin minti goma labarina ya ƙare. Shekara talatin da takwas muna tare, ashe shi ne mai maganar gidan, ni "uhm" kawai nake cewa ina kan keken ɗinki. Maganar tasa kuma guda ɗaya ce: pelota, wasan ƙwallon da ake bugawa da sanda, da ƙungiyar garinmu. 'Yan Amalanke sun ci, 'Yan Amalanke sun sha kashi, manaja jaki ne, ba a taɓa haifar mai cafe ƙwallo irin Nicanor Silié ba.

Sunan da likita ta kira abin ba zan rubuta shi a nan ba.

Bai yi magana ba. Ido kawai.

Asabar, 23 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

Compadre Bienvenido, aminin Femio, ya zo. Mutumin da ake jin muryarsa tun daga bakin layi, yau sai da ya ƙwanƙwasa ƙofa. A baranda muka zauna. Ban kai shi kicin ba, shi ma bai kalli wajen ba.

Ya ce, "Comadre, gobe akwai wasa ƙarfe huɗu."

Na ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

"Kujerarsa ta filin wasa fa? Shekara ashirin da shida ba a taɓa ganinta babu kowa ranar Lahadi ba."

"Haba Compadre! Mijina na kwance, ni in tafi kallon ƙattai suna bin ƙwallo a guje?"

"Ba kallo za ki je ba, labari za ki ɗebo masa. Yanzu me kike gaya masa? Zancen akuya?"

Ban san wanda ya kai masa zancen akuyar ba.

Litinin, 25 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na safe

Na je.

Ana bi ta wani lungu mai duhu da warin man suya, a hau matakala, sai kawai mutum ya fito. Na tsaya cak har na bayana ya ture ni. Shekarata sittin da ɗaya a garin nan, kullum ina wuce katangar nan in za ni kasuwa, ban san akwai kore irin wannan a bayanta ba. Ciyawa kamar an goge ta da dutsen guga. Jar ƙasa an share ta tsaf, fararen layuka kuma a miƙe, ko ni da nake yanka yadi ba zan ja layi haka ba. Sai na ji haushin Femio ya kama ni. Duk surutunsa bai taɓa ce mini wurin kyakkyawa ne ba.

A hagun kujerarsa akwai wata ƙatuwar mata da murfin tukunya da cokali a hannu. Doña Mireya. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke ce Casilda? Wallahi mun ɗauka ƙirƙiro ki ya yi don ya samu dalilin gudu gida in an ci mu."

Ita ta koya mini. "Wancan na kan tudu shi ke jifa. Wancan da ya tsuguna da ƙarfe a fuska shi ke cafewa, shi ne Nicanor na mijinki. Mai sanda yana so ya buga, ya zaga kusurwoyi ya dawo gida. In ya ɓarar da jifa uku, ya koma ya zauna. Zagaye tara ake yi. Abin da ya rage zagi ne, shi kuma za ki koya da kanki."

Nicanor ya tsufa. In zai tashi daga tsugune sai ka ce tsohon bijimin sa ne da ya yini yana jan amalanken rake. Amma a zagaye na shida wani ya zabura zai saci kusurwa ta biyu, wato ya kai can a guje kafin a ankara, Nicanor ko tashi bai yi ba, a kan gwiwa ya wurga ƙwallon, ta riga mutumin isa. Ban ga tafiyarta ba. Na ga ta bar hannunsa, na ga ta isa, tsakanin nan babu komai. Na samu kaina a tsaye, baki buɗe.

An ci mu biyar da biyu. Mu ne na biyar cikin shida, huɗu kuma ake ɗauka zuwa zagaye na gaba.

Na rubuta "mu".

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Na ba shi labarin jifan nan na kan gwiwa. Hannunsa na hagu ya matse nawa. Na sake ba shi daga farko, ya sake matsewa. Sau huɗu.

Bai yi magana ba.

Talata, 26 ga Nuwamba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Mako ɗaya yau.

Na je shagon kwana sayen wake na tarar da Bienvenido yana dukan kantar shagon kamar zai fasa ta. An yi musaya. An ba ƙungiyar Balbelu Nicanor, an karɓo wani mai jifa, Yeudi Santil, wanda ba wanda ya taɓa jin sunansa.

"Shekara goma sha huɗu yana tsugune mana! Gwiwoyinsa a filin nan ya bar su! A ba da shi kamar tsohuwar katifa? Kuma a rasa wanda za a ba sai Balbelu? Manaja Pichardo, Allah ya isa!"

Mai shago ya ce, "To ai ba mu da masu jifa, Bienve. Da Nicanor ɗin muke na biyar."

"Kai rufe mana baki, auna wakenka!"

Da ya gan ni sai ya sauke hannu daga kan kantar. Mu biyu abu ɗaya muka tuna. Femio ma mai cafewa ne da ƙuruciyarsa, a ƙungiyar ma'aikatan injin rake. Yatsunsa biyu har yau a karkace suke. Hoton Nicanor yana manne a bangonmu, ƙasa kaɗan da na Budurwa Maryamu, kuma ni na hana a ɗaga shi sama.

Likita ta ce kada a tayar masa da hankali. Na ce wa Bienvenido, "Wanda ya gaya masa, ni da shi ne."

Laraba, 27 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Na ce masa Nicanor ya buga biyu masu kyau jiya. Ƙaryar ta fito sumul, har na tsorata.

Juma'a, 29 ga Nuwamba, ƙarfe shida na safe

Kofi na mutum biyu kuma.

Litinin, 2 ga Disamba, ƙarfe takwas na safe

Jiya aka sa sabon. Da aka kira sunansa filin duka ya ɗauki ihu, Doña Mireya ta kusa lotsa murfin tukunyarta. "Ku mayar da shi! A ba shi abinci tukuna!" Gaskiyarta, siriri ne kamar karan rake, kunnuwa a baje, rigar ta yi masa yawa a kafaɗa. Da zan same ta da na rage masa.

Bai kalli kowa ba. Ya ɗaga ƙafa har kusan haɓa, ya saki.

Ƙarar da ƙwallon ta yi a safar mai cafewa sai da na ji ta a haƙorana. Ta biyu ta taho daidai ƙirjin mai sanda, ta zo gab da shi, sai ta sunkuya ƙasa kamar an ja ta da zare. Mutumin ya kai wa iska duka har ya juya. Mutum uku suka zo, mutum uku suka koma. A zagaye na uku babu mai ihu. A na biyar, in ya ɗaga ƙafa, mutum dubu goma sai su yi tsit, har kana jin mai sayar da gyaɗa a can ɗaya gefen. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba ko a coci ranar Juma'a mai tsarki.

Bienvenido ya naɗe hannu ya ce, "Kowa ma yana yin rana ɗaya mai kyau."

Wata ƙwallo ta faɗo kusa da mu, Doña Mireya ta danne ta da ƙafa ta miƙo mini in gani. Jan zare, ɗinki biyu-biyu a jere, babu wanda ya fi wani girma, ba a ganin inda aka fara ko inda aka ƙulle. Da hannu aka yi shi. A wani wuri akwai mace irina da ta zauna ta yi wannan, ba ta san wa zai jefa ba. Na daɗe ina juya ta.

Mun ci ɗaya da nema.

Litinin, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Ina ta zumuɗin ba shi labari, sai da na buɗe baki na tuna ba zan iya faɗin yadda aka samo Yeudi ba. Na ce wani sabon yaro ne, Nicanor ne yake nuna masa abin da zai jefa. Femio ya yi murmushi da rabin bakinsa. Murmushin farko ke nan tun ranar, kuma a kan ƙarya ya yi shi.

Laraba, 4 ga Disamba, ƙarfe huɗu na yamma

An mayar da shi babban ɗaki, gado takwas. Ci gaba ne, in ji nas Dilcia. Na gadon kusa da shi wani dattijo ne da ya karye a ƙugu, Don Plinio, ɗan Balbelu na gani kashe ni, da ƙaramar rediyo a ƙarƙashin matashi. Na raɗa masa halin da ake ciki.

Ya ce, "Doña, ni bakina a rufe yake. Amma rediyo ba ta jin roƙo."

Asabar, 7 ga Disamba, ƙarfe bakwai na safe

Mun ci uku a jere. Balbelu sun zamo daga na uku zuwa na huɗu, wasa biyu ne tsakaninmu da su. Yanzu ina kunna rediyon Femio da yamma ina tsince shinkafa. Na fara gane muryar mai sharhi tun kafin ya faɗi abin: in ta yi sama a hankali, ƙwallo tana sama.

Doña Lucinda ta aiko a tambayi rigunan Kirsimeti na jikokinta da ta ba ni ɗinki. Na ce ba na jin daɗi.

Litinin, 9 ga Disamba, ƙarfe shida na yamma

Ya ji.

Jiya ina can fili ina tafi, a nan Don Plinio yana sauraron wasan Balbelu. Nicanor ya buga honron, wato ƙwallo ta tsallake katanga, mai sharhi ya yi ta kwarara sunansa da sunan sabuwar ƙungiyarsa, har da ranar da aka yi musayar. Don Plinio ya rantse mini ya rage murya, amma murna ta sa shi ihu.

Na tarar da Femio ya juya fuska bango. Na kawo masa mangú, dafaffiyar ayaba da aka kirɓa, da albasa yadda yake so. Ya datse baki. Nas Dilcia ta karɓi cokalin, ya buɗe ya ci.

A gabana.

Talata, 10 ga Disamba, ƙarfe shida na yamma

Bango.

Laraba, 11 ga Disamba, ƙarfe biyu na rana

Bango. An yi ruwa, ba a yi wasa ba.

Na cire zanen da na rufe keken ɗinki da shi, na kalle shi, na mayar. Keken nan yana da ƙara. Kowa a layin nan ya san yana da ƙara. Likita ta tambaye ni sau biyu minti nawa ya yi kwance a ƙasan kicin kafin in gan shi, sau biyu na ce ban sani ba. Ban sani ba. Ina kan hannun riga ne. Na gama na dama, na gama na hagu, sannan na tashi shan ruwa.

Alhamis, 12 ga Disamba, ƙarfe bakwai na yamma

Na je da niyyar ba da haƙuri, na ba da. Na ce, "Femio, likita ce ta ce. Tsoro na ji. Ka yafe mini." Ko motsi. Na sake faɗa. Na kalli ƙeyarsa, wadda ni na aske ta ranar Asabar, sai wani abu ya taso mini.

Na ce, "To, tunda ba ka so a ɓoye maka, bari ka ji. Musayar nan daidai ce."

Ƙeyar ta motsa.

"Daidai ce. Nicanor ɗinka ba ya iya gudu zuwa kusurwa ta ɗaya sai ya huta a hanya. Da shi muke na biyar. Yaron nan ya jefa sau biyu, sau biyu mun ci. Manaja Pichardo ya fi ka gani."

Ya juyo. Shi da kansa, ba wanda ya taimaka masa, da gwiwar hannu ɗaya. Idanun nan jajur. Ya ɗaga hannun hagu ya daki katifa, ya sake duka, wani gurnani yana fita daga maƙogwaronsa.

"Ka daki katifa har gobe. Ni na gani da idona, kai ba ka gani ba."

Don Plinio yana dariya yana riƙe ƙugu yana cewa, "Wayyo, ku bari, za ku sake karya ni!" Nas Dilcia ta shigo a guje, ta tsaya, ta kalle mu, ta ce, "Doña, ci gaba. Ko me kike gaya masa, ci gaba."

Mun yi kusan rabin awa. Ni da baki, shi da katifa. Duk abin da na faɗa na san amsar da yake bayarwa, don shekara talatin da takwas ina jinta. Ashe "uhm" ɗin nan da nake yi komai yana shiga. Da muka gaji na miƙa masa cokali. Ya harare ni ya karɓa.

Bai yi magana ba. Amma mun yi faɗa, Allah na gode maka, mun yi faɗa.

Lahadi, 15 ga Disamba, ƙarfe bakwai da rabi na yamma

Ban je fili ba, na kai rediyonsa asibiti. Yeudi ke jifa.

Dole in rubuta wannan. A zagaye na biyu na ga Femio ya sauke hannun hagu a kan bargo ya miƙa yatsa ɗaya. Mai sharhi ya ce, "Miƙaƙƙiya, mai wuta!" Ya miƙa biyu. Mai sharhi ya ce, "Mai lanƙwasa!" Na ɗauka dacewa ce. Don Plinio ya leƙo ya ce, "Doña, alamar masu cafewa ce. Yana faɗin abin da za a jefa kafin a jefa."

Muka kashe hira muka zuba wa yatsun nan ido, ni da Don Plinio da na gado na uku da matar da ke goge ƙasa. Cikin jifa goma sha biyu sau biyu kawai ya saɓa, kuma ɗaya daga ciki an buga ta har katanga, wato shi ne da gaskiya. Mutumin da ba ya iya kiran sunana, ba ya iya cewa ruwa. Yaron da bai taɓa gani ba, a filin da ba ya gani. Duk abin yana nan a cikin kansa, ba abin da ya zube. Yana ciki. Femio yana ciki gaba ɗayansa, ƙofa ce kawai ta ƙi buɗuwa.

Matar da ke goge ƙasa ta yi alamar gicciye.

Mun ci. Saura wasa ɗaya tsakaninmu da Balbelu.

Laraba, 18 ga Disamba, ƙarfe biyar na yamma

Mun dawo gida. Kafin mu fito likita ta kira ni gefe ta lissafa abin da take sa ran zai dawo da abin da ba ta sa rai. Na biyun ya fi tsawo. Na ce na gode.

Bienvenido ya ɗauko shi daga mota kamar jariri yana cewa, "Compadre, ka rame amma har yanzu kanka da nauyi." Da ya tafi, Femio ya tura keken guragun da aka ba shi da hannu ɗaya har ƙofar kicin, ya daɗe yana kallon ƙasa. Ni na tsaya a bayansa na rasa inda zan sa hannuna. Sai ya juya ya nuna keken ɗinki. Na girgiza kai. Ya sake nunawa, ya daki hannun kujera.

Na cire zanen. Na ɗauko rigar ƙaramar jikar Doña Lucinda. Na taka, ina waiwaye, na taka, ina waiwaye. Kafin in gama wuyan rigar barci ya ɗauke shi, bakinsa a buɗe, a tsakiyar ƙarar nan.

Juma'a, 20 ga Disamba, ƙarfe shida na safe

Kofi na mutum biyu. Nasa da cokali.

Asabar, 21 ga Disamba, ƙarfe tara na safe

Mun kamo su. Wasa ɗaya ya rage, gobe ƙarfe huɗu, a filinmu, da Balbelu. Wanda ya ci ya wuce, wanda aka ci ya tafi gida cin Kirsimeti.

Yokasta ta kira. "Mama, kada ki kuskura. Kin san Baba a fili. In wani abu ya sake faruwa fa?"

Na ce zan yi tunani.

Lahadi, 22 ga Disamba, ƙarfe goma na safe

Ya sa hularsa tun bakwai, ya tura kansa bakin ƙofa ya zauna. Na gama tunani.

Litinin, 23 ga Disamba, ƙarfe shida da rabi na safe

Mutum huɗu suka hau da shi matakalar fili da kekensa. Da muka fito daga lungun nan, layin kujerunmu duka suka miƙe, Doña Mireya ta ajiye murfin tukunya ta kama fuskarsa da hannu biyu tana cewa, "Mugu! Mugu! Ka bar mu da matarka, ta fi ka zagi!" Kekensa bai shiga layin ba, aka ajiye shi a bakin hanya. Na ce a ɗaga shi a sa shi a kujerarsa. Ya girgiza kai, ya nuna ni, ya nuna ta. Na zauna.

Farkon wasan ban iya tuna shi a jere ba. Sun ci biyu, mun rama, mun ƙara ɗaya. Idona ɗaya a fili, ɗaya a jijiyar wuyansa. A zagaye na takwas manaja ya kira Yeudi, filin ya ɗauki sunansa, mutanen nan da suka ce a ba shi abinci. Bienvenido ma har da shi, ya ga ina kallonsa ya ce, "Tari nake yi."

Zagaye na tara. Uku da biyu. An fitar da biyu, saura ɗaya, amma suna da mutum a kusurwa ta biyu da ta uku. Sai ga Nicanor ya taho da sanda, cikin farar rigar Balbelu, yana ɗan ɗingishi.

Ban san wa ya fara ba. Filin duka ya miƙe yana masa tafi. Mutumin da ya zo ya kashe mu, muna tsaye muna masa tafi, wasu suna kuka. Ya taɓa bakin hularsa. Femio yana dukan cinyarsa da hannu ɗaya, hawaye yana bin gefen da ba ya motsi. Sannan aka yi tsit.

Jifa ta farko ya bari ta wuce. Ta biyu ya kai duka bai samu ba. Na kalli hannun Femio: yatsa biyu, yana girgiza su kamar yaron zai gani daga can. Yeudi ya ɗaga ƙafa ya saki miƙaƙƙiya.

Ƙarar sandan ta gaya wa kowa. Ƙwallon ta tashi, ta yi ta tashi, fara a cikin jan sararin yamma, kamar ba ta da niyyar saukowa. Ban taɓa ganin abu mai kyau da ban tsoro haka ba. Ɗan wasanmu na tsakiya ya juya baya yana gudu, bai ko kallon sama, ya isa katanga, ya taka ta da ƙafa ɗaya, ya miƙa hannu can sama. Ya faɗo ya kwanta. Ya ɗaga safar.

Tana ciki.

Abin da ya biyo baya ban san shi ba. Na san Doña Mireya ta ɗaga ni sama. Na san wani ya zuba mini giya a kai. Na hango Nicanor a kusa da kusurwa ta biyu ya tsaya, hannu a ƙugu, yana dariya yana girgiza kai, Yeudi ya taho ya cire hula ya ba shi hannu. Da na samu kaina na durƙusa gaban Femio na taɓa wuyansa, na taɓa goshinsa. Ya ture hannuna don na tare masa fili.

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana

Muryata ta dishe. Na dafa sancocho, farfesun nama da rogo, Bienvenido da Doña Mireya za su zo. Ranar ashirin da bakwai za a fara zagaye na gaba.

Ɗazu ina ba shi romo a baranda na ce, "To, malam mai yatsu. Wa ya fitar da mu? Yaron da aka karɓo. Wa ya yi gaskiya a gidan nan?"

Ya haɗiye. Ya kalle ni. Bakinsa ya yi ta aiki, leɓen ƙasa yana rawa, jijiyar wuya ta tashi, har na ajiye kwanon don na ɗauka ƙwarewa ya yi. Sai ta fito, a karkace, da ƙyar, amma ko daga bakin layi za a gane ta.

"Sa'a."

Kwana talatin da huɗu ina jira. Na yi zaton sunana zai fara kira, ko na Yokasta, ko na Allah.

Na ce, "Me ka ce?"

"Sa'a... ce."

Na shiga kicin na rufe ƙofa na yi kukana har ya ishe ni. Sannan na wanke fuska na fito na gaya masa ƙarya yake yi.